Albashi ba ya kai wata, ƙarin girma ya tsaya: in ajiye aiki in kama kasuwa?

Wani magidanci ya rubuto daga Kaduna:

"Assalamu alaikum. Shekarata 48, ina da mata ɗaya da 'ya'ya biyar, babban yana aji biyu a jami'ar gwamnati. Shekara 22 ke nan ina aikin gwamnatin tarayya. Na maƙale a mataki na 12 yau shekara bakwai, yaron da na koya wa aiki shi ke sa hannu a takardar hutuna yanzu. Albashina a rubuce naira 250,000 ne, amma abin da ke shigowa bai wuce 155,000 ba, haraji ya cinye sauran. Hayar gida 600,000 ce a shekara. Ga Inna a ƙauye, ga ƙannena da komai ya taso sai ni, bara ma bashi na ci a ƙungiyar ofis na yi wa autanmu aure. Maiɗakina tana da ɗan shagon kayan masarufi, can ma masu karɓar haraji ba sa barin ta ta huta. Ba na samun barci, in na dawo gida ba na son magana, yara da sun ji motsina sai su shige ɗaki. Ina tunanin in ajiye aikin, in karɓi kuɗin fanshona in shiga kasuwar hatsi. Ban faɗa wa kowa ba. Mene ne shawara?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, sannu da ɗawainiya, Allah ya yaye maka. Bari in ba ka amsar tun daga farko: kada ka ajiye aikin nan. Aƙalla ba bana ba, kuma ba da wannan ɓacin ran ba.

Jarin da kake hange ba zai zo hannunka yadda kake zato ba. Dokar fansho ta 2014 ta kulle asusun ma'aikaci sai ya kai shekara 50. Wanda ya bar aiki kafin nan, sai ya yi wata huɗu bai samu wani aikin ba sannan a ba shi abin da bai wuce kashi 25 cikin 100 na abin da ke asusun ba. Ko ka cika 50 ɗin ka yi ritaya, ba a juye maka kuɗin gaba ɗaya. Wani kaso ake ba ka a dunƙule, sauran a riƙa biyan ka wata-wata. To ka duba: wata huɗu babu albashi, mai gida yana jiran haya, yaro yana makaranta, bashin ƙungiya bai ƙare ba, sannan rubu'in kuɗi ya fito. Kafin ka auni buhun farko, wani abu mai tsoka ya tafi wajen biyan abin da aka ci a watannin jira. Ita kuwa kasuwar hatsi, ka je Saminaka ko Giwa ko Dawanau ka zauna da waɗanda suka tara masara a ƙarshen 2024 tana tsada, su ba ka labarin yadda farashi ya karye musu a 2025. Waɗanda suka gaji sana'ar tun iyaye da kakanni sun ji jiki, balle wanda zai shigo sabo fil da kuɗin tsufansa. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Sai maganar haraji. Ka ce yana cinye maka dubu 95 a wata. Bai kai haka ba, ko kusa, kuma ina so mu yi lissafin tare domin ka san ainihin inda kuɗinka ke zurarewa.

Sabbin dokokin haraji da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu ranar 26 ga Yuni 2025 sun fara aiki ranar 1 ga Janairu 2026. A ƙarƙashinsu, naira 800,000 na farko da mutum ya samu a shekara ba a taɓa su. Miliyan 2.2 da ke biye ana cire kashi 15 cikin 100. Daga nan ake hawa 18, da 21, da 23, har zuwa 25 a kan abin da ya haura miliyan 50. Kai a hawa na biyu ka tsaya. Albashinka miliyan 3 ne a shekara. Kafin a lissafa haraji ana fara ware kuɗin fansho, kashi 8 cikin 100, mu ɗauka a kan duka albashin ne, wato 240,000. Saura 2,760,000. A cire 800,000 da aka yafe, saura 1,960,000. Kashi 15 na wannan shi ne 294,000 a shekara, wato 24,500 a wata. Da tsohuwar doka ce, da ka biya sama da dubu 25.

Kuma akwai rangwamen da mai yiwuwa ba ka nema ba. Sabuwar dokar ta ba mai zaman haya damar a rage masa kashi 20 cikin 100 na hayar da ya biya a shekara daga kuɗin da za a ɗora wa haraji, muddin rangwamen bai wuce 500,000 ba. Kashi 20 na hayarka 120,000 ne, harajinka sai ya sauko 23,000 a wata. Wannan rangwame ba ya zuwa da kansa, sai ka bayyana hayar da kake biya. Ka karɓi rasit a hannun mai gida, ka kai sashen albashi na ofishinku ka ce a shigar maka. Naira 18,000 ce a shekara. Ba za ta fitar da kai daga kunci ba, amma za ta ɗinka wa yara biyu kayan makaranta, kuma haƙƙinka ce.

To ina sauran dubu 70 ɗin? Dubu 20 na fansho ne, kuɗinka ne da ake ajiye maka, kuma gwamnati tana ƙara kashi 10 daga wajenta. Akwai ɗan abin da ake cirewa na asusun gidaje, wanda ake iya nema a dawo da shi bayan ritaya, da na ƙungiyar ƙwadago. Abin da ya rage, wajen dubu 40 zuwa 45, babu abin da zai kai haka a cikin wasiƙarka in ba bashin auren autanku ba. Ashe abin da ya fi cin albashinka tun kafin alat ya shigo, biki ne da aka gama shi bara, aka watse, aka bar ka da biya.

Bayan ya shigo ɗin kuma tsadar rayuwa ta karɓa. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta kai ta haura 1,000 a ƙarshen 2024, hauhawar farashi kuma ta wuce kashi 34 cikin 100 a Disambar wannan shekarar. Ƙarin albashin da aka yi bai kamo ƙafar kasuwa ba. Wannan ba gazawarka ba ce, Malam, kuma duk wanda ke tsaye a bayanka a layin mai POS ƙarshen wata ya san haka.

Ba ina wanke haraji ba ne. Haushinsa yana da asali a wurinmu. Iyayenmu sun ga zamanin da mai unguwa da dagaci ke bin gida-gida, talaka ya sayar da akuyarsa ko ya tsere ci-rani saboda kuɗin haraji, har Balarabe Musa a Kaduna da Abubakar Rimi a Kano suka soke haraji da jangali bayan hawansu mulki a 1979. Yau kuma mutum ya biya, sannan ya sayi ruwa wurin ɗan ga-ruwa, ya biya 'yan sintirin unguwa, ya sayi maganin da aka ce babu a asibiti. Dole rai ya ɓaci. Harajin albashinka jihar da kake zaune yake tafiya, don haka kana da bakin tambayar abin da aka yi da shi, kuma ina goyon bayan ka tambaya. Amma ka lura da wani abu. A cikin duk abubuwan da suka danne ka, haraji ne kaɗai za ka iya zagi a majalisa bayan la'asar kowa ya taya ka. Ba za ka iya buɗe baki ka ce auren ƙaninka ne ya karya ka ba, ko ka ce kiran waya daga ƙauye yana sa gabanka faɗuwa. Kunya ba za ta bari ba. Shi ya sa ka tattara duk fushin ka ɗora wa wanda ba ya jin zagi, su kuma yara suna kwasar ragowar a tsakar gida.

Na shagon uwargida mai sauƙi ne. Tun 2016 dokar jihar Kaduna ta hana karɓar kuɗin shiga na gwamnati hannu da hannu. Duk wanda ya zo da riga da littafi, ta ce ya ba ta takardar neman biya mai sunan abin da ake bi da adadinsa, ta biya ta banki ko hanyar da hukuma ta tanada, ta adana rasit a leda ɗaya cikin shagon. In aka dawo a kan abin da aka riga aka biya, ta nuna. In an matsa, ku ɗauki takardun ku je ofishin hukumar tara haraji ta jiha a tantance muku.

Yanzu ga jimlar da ta fi tsaya min a wasiƙarka: "Ban faɗa wa kowa ba." Ka yi nufin batun ajiye aiki, amma ina da yaƙinin har albashinka ba wanda ya sani. A ƙauye kai ne Yaya ma'aikacin gwamnatin tarayya, mai zama a Kaduna, mai zuwa da mota ko da ta haya ce. Ba wanda ya taɓa ganin takardar albashinka. Ƙaninka da ke bugo waya ya ce "Yaya, dama batun takin nan ne," ba mugu ba ne. Lissafinsa yake yi da adadin da ya ƙiyasta a ransa, kai kuma shekara 22 ba ka taɓa gyara masa ba. Duk lokacin da ka ci bashi ka tura ba tare da ka ce bashi ne ba, ka ƙara tabbatar masa cewa akwai. Mutuncin da kake karewa da shiru shi ne yake jawo buƙata ta gaba.

Kuma ka san matsayin kowa a kanka. A mazhabar Malikiyya da muka tashi a kai, ciyarwar da ta wajaba ita ce ta mata, da 'ya'ya, da iyaye idan ba su da shi. Ɗan'uwa baligi mai lafiya ba ya cikin wannan sahu. Taimakonsa zumunci ne mai lada babba, amma ba a cin bashi a tauye wajibi domin a yi shi. Allah ya ce a Suratuɗ Ɗalaƙ, aya ta 7, mai yalwa ya ciyar daga yalwarsa, wanda aka ƙuntata wa arziki ya ciyar daga abin da Allah ya ba shi. Ka samu malamin da ka yarda da shi ya ƙara warware maka, domin na san nauyin da kake ji a zuci ba zai sauka da maganata kaɗai ba. Inna kuwa ba kai kaɗai ta haifa ba. Haƙƙinta yana kan dukkanku, kowa gwargwadon ƙarfinsa.

Saboda haka ka je gida takanas, kada ka yi ta waya, kada kuma ka haɗa da ranar biki ko rasuwa. Ka tara ƙannenka a zaure, ka faɗa musu da bakinka: ga abin da nake ɗauka, ga haya, ga makaranta, ga bashin da na ci na auren wane, kuma sai wata kaza zan gama biya. Daga yau ga abin da zan iya ba Inna duk wata, ba zai yanke ba in sha Allah. Kai wane mai noma, hatsinta yana wuyanka. Kai wane da ke kusa, kai za ka riƙa kai ta asibiti. Duk abin da ya taso na gaggawa, a kira kowa, a raba. Ƙayyadadden abu da ke zuwa ranar da aka sani ya fi wa tsohuwa amfani a kan mai yawa da ke zuwa sai an yi ta kira.

Za a yi gunaguni, wannan ka sa a ranka. Wani zai ce Yaya ya canza. Abin da na fi jiye maka shi ne a ce matarka ce ta zuga ka, domin a gidajenmu nan zargi yake fara sauka. Don haka kada ka ambaci sunanta a zaman ko sau ɗaya, kada ka ce "mun yi shawara." Ka ce ni na duba, ni na yanke. Ita ma Inna ka same ta a ɗakinta kai kaɗai kafin taron, ka gaya mata halin da kake ciki. Uwa ba ta son a ce ɗanta ba ya barci saboda bashi, kuma in ta fahimta, ita za ta tsawatar maka da sauran.

Amma kafin ƙauye, uwargida. Ka tsaya ka ga abin daga inda take zaune. Miji ya daina magana, yana juyi a shimfiɗa har asuba, yana fita waje amsa waya, kuɗin cefane yana raguwa ba bayani. Mace da yawa a nan za ta fara zargin ko aure yake nema, ko akwai inda kuɗin ke zuwa. Alhali mai shago ce, kullum cikin lissafin uwa da riba take, ta san farashin mudun shinkafa na jiya da na yau fiye da kai. Ba zan yi mamaki ba in ta daɗe tana cike giɓin cefane daga shagon ba ta faɗa maka ba, kamar yadda kai ma kake ɓoye naka. Bayan isha'i, in yara sun kwanta, ka ɗauko takardar albashin ka miƙa mata, ka nuna mata layi-layi. Ka gaya mata har tunanin ajiye aikin da ka yi. Ba raini zai jawo maka ba. Macen da ta zauna da kai har kuka haifi biyar ta cancanci ta san abin da ke hana mijinta barci, kuma wataƙila ita za ta nuna maka inda za a rage wanda kai ba ka gani.

Babban ɗanka ma ya isa a zauna da shi. Tunda jami'ar gwamnati yake, ya nemi bashin karatu na asusun NELFUND da aka fara a 2024. Babu ruwa a kansa, kuɗin makaranta kai tsaye ake tura wa jami'a, akwai ɗan abin kashewa na wata, kuma ba a fara biya sai shekara biyu bayan bautar ƙasa. Bashi ne a wuyansa, don haka ku yi shawara, kada ka yanke masa.

Batun ofis kuwa, ciwon gaskiya ne, ba zan ce ka yi haƙuri kawai ba. A ƙa'idar aikin gwamnatin tarayya, ma'aikaci daga mataki na 7 zuwa na 14 yana cancantar a duba ƙarin girmansa bayan shekara uku, in akwai gurbi kuma ya ci jarrabawa. Bakwai ta wuce ninki biyu. Ka taɓa tambaya a rubuce? Da yawanmu a baki muke ƙorafi, a baranda, gaban waɗanda ba su da ikon komai. Ka je sashen kula da ma'aikata ka gano takamaiman dalili: gurbi ne babu, ko takardun auna ƙwazonka na wasu shekaru ne ba sa cikin fayil, ko layin aikin da aka ɗauke ka a kai ne ya kusa ƙurewa sai ka sauya da ƙarin takardar karatu. Kowanne da maganinsa. Ka rubuta koke cikin ladabi ta hannun shugaban sashenka, a buga maka hatimin karɓa a kwafinka. In shiru ya yi yawa, ga ƙungiyarku ta ƙwadago, ga kuma Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a ta tarayya, wadda ba a biyan ko kwabo. Na san wani lokaci dalilin bai wuce rashin ubangida ba. Ko da hakan ne, fayil mai takarda a ciki ya fi wuyar tsallakewa. Yaron da ya wuce ka kuma, kada ka mayar da shi abokin gaba. In ɗan halak ne bai manta wanda ya koya masa aiki ba, kuma yanzu yana shiga ɗakunan da ake ambatar sunaye. Ka same shi ka ce masa kana son ya duba maka inda takardarka ta tsaya. Na san da ɗaci, amma ka yi.

Zai yiwu duk da haka ba za ka kai inda ka yi mafarki ranar da ka karɓi takardar kama aiki ba. Shekara 12 suka rage maka ka cika 60. Ka yi amfani da su ka gina abin da za ka koma kai, albashi yana tafe. Tsarin mulki ya hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci gudanar da kasuwanci, amma ya bar masa noma. Saboda haka shago ya ci gaba da zama na uwargida, a sunanta kuma a hannunta. Kai kuma idan bashin ƙungiya ya ƙare, kada ka sake cin wani, kuma kada ka bari dubu 40 ɗin nan ta narke a cefane gaba ɗaya. Ka ware rabi ka kama gona ɗaya a gida da ƙanin da ka fi amincewa da shi, kai taki da iri, shi aiki, a rubuta yadda za a raba tun kafin shuka. Damina biyu ko uku za su nuna maka ko kana da kan harkar hatsi, kuma in an yi asara ba ta taɓa tuwon gidanka ba.

Rashin barcin nan kada ka raina shi. A shekarunka, da irin wannan damuwa, hawan jini ba ya sallama. Cikin makon nan ka je a auna ka, kana da inshorar lafiya ta ma'aikata, ka gaya wa likita tun yaushe barcin ya ƙaurace. In ka ji ƙuncin ya kai ba ka son komai, ko wani mugun tunani yana zuwa maka, wannan ma ka faɗa masa, ciwo ne da ake magani.

Su kuma yara ba su san mataki na 12 ba, fuskar Baba kawai suke karantawa. Idan ka taso daga ofis da zafi, ka tsaya masallacin unguwa ka yi magariba, ka ɗan zauna, sannan ka shiga. Ka kira ƙaramin ka tambaye shi abin da aka koya musu a Islamiyya, ko da ba ka da ƙarfin sauraro sosai. Ba sai ka shigo da leda a hannu ba.

Gobe in Allah ya kai mu ka fara da sashen albashi. Ka karɓo takardar albashinka ta wata uku, ka duba layin haraji shi kaɗai, ka tambayi ƙungiya nawa ya rage a bashin da watan da zai ƙare. In ka ga abin da ake cire maka na haraji ya yi nisa da dubu 23 zuwa 25, ka sake rubuto min da alƙaluman mu duba tare. Allah ya buɗa, ya ƙara wa Inna lafiya.